ƘWARYA DA JARKA

A ƙasar Bagudo, can yammacin Jihar Kebbi inda kogin Kwara ya shigo Nijeriya, akwai wani gari da a ke kira Matsinkai. Ƙasar ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda a da a ke ce wa Dahome kafin a sāke mata suna a 1975. Duk wanda ya shiga gida a wannan gari, ko a Illo, ko Lolo, ko Ka'oje, zai tarar da mazubai iri biyu suna zaune a tsakar gida ɗaya kamar kishiyoyi, watau ƙwarya da jarka. Ƙwarya ce uwargida, jarka amarya. Kamar yadda aka saba kuwa, amarya ta karɓe yawancin aikin gida, uwargida ta koma gefe.

Ya kamata mai karatu ya fara duba rayuwar ko wace ɗaya daga cikinsu, domin a kanta maganar nan ta ke tsaye. Duma a ke shukawa da damina, ya yaɗu bisa danga, ya yi 'ya'ya. In ya ƙosa a tsinke, a bar shi ya bushe, a fafe, a kankare cikinsa. Daga nan a sami masaki da ƙoƙo da ludayi da gora, ko wane da aikinsa. Mai zane ya sa wuƙa a wuta ta yi ja, ya bi bayan ƙwarya da layi baƙi-baƙi, wani ya miƙe, wani ya karkace, wani ya zagaya ya komo inda ya tashi. A dama fura a cikinta shekara da shekaru. Ran da ta tsage a kira gyartai, ya huda gefen tsagar nan ya ɗinke, ta koma bakin aiki da tabonta. Ran da ta fashe sarai ta zama sakaina, a riƙa ba kaji ruwa a ciki, ko a kwashi toka da ita. Daga bisani a jefa ta juji, gara ta ci rabonta, ruwan sama ya ƙarasa sauran, ta zama taki. Ba mamaki a kan takin nan wani duma ya tsiro.

Jarka ba haka ta ke ba. Da man da a ke haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa a ke yin robarta. Ba ta da nauyi, ba ta fashewa don ta faɗi daga kan jaki, tana kuwa cin ruwan da masaki biyu ba su ci ba. Babu macen da ta taɓa ɗauko ruwa daga rafi da za ta zagi jarka, kuma ba daidai ba ne wanda bai taɓa ɗaukowa ba ya zauna a inuwa yana yabon zamanin ƙwarya. Amma fa jarka ba ta san hanyar komawa ƙasa ba. In ta huje a yar, gara ba ta kula ta, ruwa ba ya narkar da ita. Rana ta kan gasa ta har ta farfashe ƙanana-ƙanana, gutsattsarin su shiga gona da kogi su zauna. In an ƙone ta, sai baƙin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro.

Har wa yau jarka tana da wani tarihi a bakin iyaka wanda ba sai an gaya wa mutumin Bagudo ba. Shekaru masu yawa gwamnatin Nijeriya tana biyan wani kashi na kuɗin man fetur, sabo da haka ya fi arha a nan bisa ga Benin. Samari suka riƙa ɗura shi a jarkoki suna ƙetarawa da shi a kan babur ko cikin kwalekwale, tun daga gaɓar teku har arewa. A kudancin Benin har gasa jarka a kan yi a wuta ta kumbura don ta ƙara cin mai. An janye tallafin nan a watan Mayu na 2023, farashi ya tashi. A watan Satumba na wannan shekara wuta ta kama wani ɗakin ajiyar irin wannan mai a Seme-Krake, bakin iyaka ta kudu, mutum fiye da 30 suka ƙone.

To, ga abin da ya kawo wannan magana. A birnin Porto Novo na kudancin Benin an haifi wani mutum a 1962, sunansa Romuald Hazoumè. Sana'arsa ita ce ya tattara tsofaffin jarkokin nan na fasa-ƙwauri, ya yanke samansu, ya rataye su a bango. In an dubi saman jarka daga gaba, sai mariƙinta ya zama kamar hanci, bakinta ya zama baki a buɗe. A Nsukka kuma, gabashin Nijeriya, akwai wani tsohon malamin jami'a haifaffen Gana, El Anatsui, wanda aka haifa a 1944, ya zo koyarwa a 1975. Shi kuwa marafan kwalaben giya ya ke tarawa dubbai, a daddake su, a huda, a ɗinke da wayar jan ƙarfe, har su zama wani ƙaton mayafi mai sheƙi da zai rufe fuskar bene. Ba hoton mutum ba ne, ba na doki ba, ba na gari ba. An sayar da wasu daga cikin ayyukansa a kan fiye da dala miliyan ɗaya. A 2015 aka ba shi babbar lambar girma a bikin nunin zane na birnin Venis a Italiya, a 2023 kuma aka rataye aikinsa a babban zauren gidan nuni na Tate Modern a Landan.

A ce wani yaro a Matsinkai ya nuna wa kakansa hoton irin wannan aiki a wayar hannu, ya ce, "Kaka, ka ga abin da a ke saye da kuɗin da ya fi na garken shanu." Ba wuya a san amsar tsohon. Zai ce, "Kai yaro, wannan ai shara ce. Ba ta kama da komai, ba a shan ruwa da ita, ba a rufa da ita. Ko dai mai yi ya yaudari mai saye, ko kuwa su biyun duka ba su da aikin yi." Maganar tsohon ba ta wauta ba ce, ta cancanci a zauna a auna ta. Shin mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinka abin da aka zubar, ya yi aiki ne, ko kuwa ya yi wasa da hankalin jama'a?

Zancen rashin kama shi ne mafi sauƙi. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci da girmansa ya fi kowa sanin amsarsa. Ranar farko da malami ya rubuta harafi a allo, da me ya yi kama? Sanda ce da ƙugiya, ko da'ira mai wutsiya. Kalmar saniya ba ta da ƙaho, ba ta da tozo, mutum zai zura mata ido yini guda bai ga nono ba. Da aka yi wata uku ana zuwa aji, sai ga shi alamun nan sun fara magana. Laifin ba na harafi ba ne a ranar farko, ido ne bai koyi karatu ba tukuna.

Ban da wannan ma, tsohon ya manta da rigar da ke wuyansa. Aska takwas da ke gaban babbar riga ba ta taɓa aske kan kowa ba, kuma in ba a gaya wa baƙo sunanta ba, ba zai ce aska ce ba. Haka dagi da a ke yi a ƙofar gida da jikin sirdi. Haka zayyanar da a ke yi wa allon yaro ran saukar Alƙur'ani, murabba'i cikin murabba'i, ja da kore da rawaya. Haka adon da Babban Gwani ya yi a cikin masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Malamai sun daɗe suna ƙyamar a suranta abu mai rai, an kuwa ruwaito cewa Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar zane ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Sabo da haka hannun Bahaushe ya goge a kan layi da launi tun kafin Turawa su ba irin wannan zane suna. Abin dariya, da makarantar boko ta zo, sai aka koya wa ɗalibai cewa gwani shi ne mai kwaikwayon fuska daidai da daidai. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya don su ƙi wannan. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Okeke ya koma ya koyi uli, zanen da matan Ibo su ke yi a jiki da bango. Daga baya a wannan makaranta Gani Odutokun, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, ya kan tsinka fenti ya zuba shi ya bar shi ya gangara yadda ya ga dama, kamar ruwan sama a jikin katanga.

Zancen shara shi ne mai wuya, a nan kuwa ya kamata a dakata.

Maginin da ya yi wa soro ado da laka ya san damina tana zuwa. Ya san marka za ta cinye gefen zanen, bayan 'yan shekaru sai an sāke yaɓe, mai yaɓen kuma zai ƙara nasa ya rage na wancan. Bai ɗauki wannan asara ba. Ƙasar da ya kwaɓa daga kududdufin bayan gari ya ɗebo ta, can kuma za ta koma. Marini ya sami baba a daji, majemi ya sami bagaruwa, mai tabarma ya sami kaba a fadama. Ko wane mai sana'a abin da ƙasarsa ta miƙo masa shi ya karɓa ya sarrafa, kuma duk abin da ya karɓa aro ne, yana da ranar mayarwa. El Anatsui ya sha faɗin cewa mai fasaha ya yi aiki da abin da wurin zamansa ya samar. A nan shi da marinin dā hanyarsu ɗaya. Ya fita bayan garin Nsukka wajen ƙarshen shekarun 1990, abin da daji ya miƙo masa buhun marafan kwalba ne da wani ya yar. Hazoumè ya dubi titin garinsu, abin da ya gani jarka ce. In akwai abin kunya a cikin wannan, ba a wuyan wanda ya tsinta ya ke ba. Ƙasa ce ta daina ba da kaba da baba kaɗai, ta fara amayo abin da aka ɗura mata.

Anatsui ya riƙe wani abu kuma daga halin maginin laka. Ba ya ƙayyade yadda za a rataye mayafinsa. Duk inda aka kai shi, masu ratayewa su ke naɗe shi yadda su ke so, ya tattare a nan, ya zubo a can, har ya zama wanda ya gan shi a wani gari ba zai gan shi da wannan siffa a wani ba. Ya ɗauki ƙarfen da ba ya ruɓewa ya tilasta masa ya riƙa sākewa kamar abin da ke da rai. Wata ɗalibarsa, Nnenna Okore, wadda ke koyarwa a Shikago ta Amurka, ta bi wata hanya dabam. Ita da algarara da takarda da igiya da irin abubuwan da ke ruɓewa ta ke aiki, siffofinta kamar saiwa, kamar busasshen ganye, kamar naman itace da ya fara zagwanyewa. Ta koma ga dokar ƙwarya ke nan.

Wanda ya yi irin wannan aiki da gaskiya, matsayinsa matsayin mai shaida ne a gaban alƙali. Mai shaida ba ya noma, ba ya ɗinki, abin da ya ke yi kawai shi ne ya sa a ga abin da aka so a kau da kai daga gare shi. Mutum ya kan wuce jarka sau ɗari a yini bai gan ta ba, don ido ya saba. Hazoumè ya ɗauki jarkoki 304 ya jera su a ƙasa, gefe da gefe, bisa tsarin wani tsohon hoton jirgin bayi da aka buga a Ingila a ƙarshen ƙarni na 18, wanda ke nuna yadda a ke shimfiɗa mutane a cikin jirgi kamar kifi a kan tarago. Ya sa wa aikin suna da Faransanci, ma'anarsa Bakin Sarki, sunan wani mashigin ruwa ne a gaɓar tekun ƙasarsu. Babban gidan kayan tarihi na Ingila da ke Landan ya mallake shi, aka nuna shi a 2007, shekara 200 bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a jiragenta. Wanda ya tsaya a kan jarkokin nan, ko wace da bakinta a buɗe, ko wace da tabon wuta da na igiya, ba ya bukatar tafinta. Zai tuna da saurayin da ya ɗaure lita ɗari biyu a kan babur ya zauna a tsakiyarsu don abin da bai kai kuɗin buhun gero ba, ya tambayi kansa wa ke cin ribar wannan kasada. Malamai sun yi saɓani a kan ko saman jarka da ya yi kama da fuska ya shiga hukuncin sura, wannan nasu ne. Amma ba wanda zai ce mutumin wasa ya ke yi.

Duk da haka tsohon Matsinkai bai faɗi ƙasa warwas ba, akwai sauran gaskiya a bakinsa. Kyau yana da haɗari. Mayafin Anatsui in fitila ta haske shi kamar zinariya ya ke, mai kallo yana iya tsayawa ga sheƙin, ya tafi gida da daɗi a ransa, har ya ɗauka shara ba matsala ba ce tun da ga abin da a ke yi da ita. Alhali kuwa duk marafan da aka ɗinke tun da aka fara ba su kai abin da gari ɗaya ke zubarwa ba. Zane bai taɓa share kwata ba, bai fid da leda daga tumbin saniya ba, mahauta sun san yawan wadda su ke cirowa. Sa'an nan ina aikin ya ke zuwa? Landan da Venis da gidajen attajirai. Shaidar da aka bayar a kotun da masu ƙara ba su san hanyarta ba, amfaninta ragagge ne. Gaskiya ne Anatsui ya ɗauki samarin Nsukka da yawa aiki a ma'aikatarsa, suna cin abinci daga ɗinkin nan. Amma saurayin da jarkarsa ta tafi Ingila, shi yana nan inda ya ke.

Hazoumè ya kan ce yana mayar wa Turawa sharar da suka turo Afirka ne. Maganar tana da daɗin ji, amma rabinta ne gaskiya. Man da ke cikin jarka a ƙasar nan aka ɗura shi, hannun da ya jefa ta kogi kuwa ba daga Faransa ya zo ba. Ba a kyauta wa mutane in an koya musu cewa duk dattin ƙofar gidansu na baƙo ne.

Ta yaya za a rarrabe mai shaida da mai yaudara, tun da kayan aikinsu ɗaya? Gyartai ya isa misali. In ya ɗinke ƙwarya ba ya shafe ɗinkin da fenti ya ce sabuwa ce. Tabon yana nan a fili, mai shan fura yana jinsa a leɓensa, yana tuna ranar da aka yi sakaci ta faɗi. Wanda ya matso kusa da mayafin Anatsui zai karanta sunayen giya a kan marafan, ba a goge ko ɗaya ba, kuma shi da kansa ya kan tuna wa mutane cewa giya tana cikin hajar da Turawa suka riƙa musanyawa da bayi a gaɓar teku. Daga nesa zinariya, daga kusa abin kunya, an bar su biyun tare da gangan. Wanda kuwa ya tara shara ya lulluɓe ta da launi don kada a gane asalinta, ya rataya mata tsada don ya ji ana yayin haka, wannan shi ne mutumin da tsohon ke nufi, kuma suna da yawa a ko wace sana'a da kuɗi ya shiga.

Akwai wasu mutane da ba a ambata ba tukuna, ko da ya ke sun riga su Anatsui fara wannan aiki. Maƙerin farin ƙarfe da ke yanka gwangwanin madara ya yi fitilar aci-balbal. Mai yanka tsohuwar taya ya fid da takalmi da guga. Matar da ke tsince buhunan shinkafa ta ɗinke su shimfiɗar shanya. Yaron da ya lanƙwasa waya da marafan lemo ya yi mota yana turawa a lungu, wanda in an duba da kyau kayan aikinsa su ne na malamin Nsukka, ba ragi. Waɗannan talauci ne ya koya musu, ba jami'a ba, ba a kuwa rubuta sunansu a jikin bango. Da za a jera aikinsu a makarantar gari ranar kasuwa, a sa yara su faɗi daga ina ko wane abu ya fito da inda zai ƙare, da shaidar ta zo gaban masu ƙara. Ba ya bukatar jirgin sama, zaure ɗaya da tabarma uku sun isa.

Kwara ta kan cika ta hau fadamu, kamar yadda ta yi a 2012 da 2020 ta cinye shinkafar manoman Kebbi masu yawa. In ta janye ta kan bar layi a gefen gona, daidai inda ta tsaya. Dā abin da ke cikin layin nan kara ne da ciyawa da sakaina, manomi ya bar su nan, kafin shuka ta gaba sun zama ƙasa. Yanzu sai ya bi layin da kwando yana tsince leda da silifa ƙafa ɗaya da gutsuren jarka, ya tara a kan iyakar gonarsa, ya tsaya yana duban tarin, domin bai san inda zai kai shi ba. Masunta da yawa kuma sun bar gora, jarka su ke ɗaura wa ragarsu ta riƙe ta a saman ruwa. In igiya ta tsinke, jarkar ta kan bi ruwa ta wuce Yawuri, ta shiga tafkin Kainji.